Wai matuƙan jirgin sama na yanzu sun iya tuƙi kuwa?

Dan_Adar77:
Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu sanin harkar jirgin sama cikin gidan nan. Daren Talata munka dawo Yamai daga tahiya, hazo ya rufe gari ruf, ko fitilun Talaje ban hango ta taga ba sai da munka kusa ƙasa. Muna jiran mu ji tayoyi sun taɓa, sai injuna sunka yi wata irin ƙara, jirgi ya ɗaga hanci ya koma sama. Wata tsohuwa a bayana ta damƙe kujerata tana salati har hulata ta hwaɗi. Munka yi ta kewaye kamar minti ashirin kahin mu sauka lahiya. Wani mai kwat da ke gefena ya ce mini kada in damu, ai ba mutum ke tuƙi ba, na'ura ce, wai matuƙan yanzu ƴan mintuna kaɗai suke riƙe jirgi da hannu, sauran duk danna maɓalli ne. Shi a ganinsa ya kwantar mini da hankali, ni kuwa tun ranar barcina bai cika ba. In gaskiya ya hwaɗa, ranar da na'urar ta ƙi aiki wa zai tuƙa mu?

Ramatou_Plateau:
Barka da arziki Alhaji. Hular dai an same ta? 😂

Dan_Adar77:
An same ta ƙanwata, ƙarƙashin ƙahwar tsohuwar.

TsohonTur:
Wa alaikumus salam. Na yi shekaru a hasumiyar filin jirgi ina magana da matuƙa kafin in yi ritaya, bari in ɗan ce wani abu. Da farko Alhaji, abin da ya tsorata ka shi ya kamata ya faranta maka rai. Kowace sauka tana da wani tsayi da aka ƙayyade. In matuƙi ya iso wurin bai ga titin sauka ko fitilunsa ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama. Mu muna kiran shi remiz de gaz. Matuƙin da nake tsoro shi ne mai jin kunyar komawa, wanda zai ce bari in ƙara sauka kaɗan ko zan gani.

Maganar mai kwat kuwa, rabi gaskiya ce. Tashi da hannu ake yin shi, babu jirgin fasinja da ke tashi da kansa. Bayan an ɗan ɗaga sai a kunna otomatik. Can sama kuma ba lalaci ba ne, dole ce: tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 ana jera jirage da tazarar ƙafa 1,000 kacal, wajen mita 300, kuma sharaɗin shiga wurin shi ne jirgi ya kasance da na'urar riƙe tsayi mai aiki. Ka yi tunanin jirage biyu suna fuskantar juna kowanne yana gudun kilomita 800 da wani abu a awa, hannun mutum mai gajiya ba zai riƙe wannan awa shida ba. Sauka kuma mafi yawanta da hannu ake ƙarasa ta. Jirgi na iya sauka da kansa, amma sai filin yana da kayan da suka dace, kuma an fi yin haka inda hazo mai sanyi ke rufe gari kamar Turai.

Shofer_Konni:
Baba TsohonTur ka yi bayani, amma ni abin da na ji shi ne Alhaji yana da gaskiya. Shekara ashirin da biyu ina bisa hanyar Yamai zuwa Tawa. Yaran da sunka koyi mota da mai bitesi otomatik, ka ba su kar ta hannu su hau da ita tudu da lodi, sai ka ji tausayin ambiriyaj. Hannu in bai aiki mutuwa yake. Ni da kaina tun da na samu waya ba na riƙe da lambar kowa, har ta uwargida.

Mushe_Illa:
Ai an riga an ga misalin. Jirgin Air France mai lamba 447, daga Rio zuwa Paris, 1 ga Yuni 2009, mutum 228 suka tafi cikin teku. Ƴan bututun da ke auna gudu a gaban jirgin ƙanƙara ta toshe su, otomatik ya ce ni na sauka, ga jirginku. Toshewar ba ta kai minti ɗaya ba fa. Injuna lafiya, fukafukai lafiya. Da an riƙe jirgin daidai yadda yake, da ya wuce. Amma mataimakin da ke riƙe da sanda ya ja ta baya, jirgi ya hau daga ƙafa 35,000 zuwa kusan 38,000, gudu ya ƙare, fukafukai suka daina ɗaukarsa. Minti uku da rabi yana faɗowa, ƙararrawa na kuka, matuƙa uku a ciki ba su gane abin da ke faruwa ba sai da ruwa ya zo kusa. Sai 2011 aka ciro baƙin akwatinsa daga zurfin kusan mita 4,000. Rahoton masu binciken Faransa ya nuna mataimakan biyu ba su samu horon tuƙa jirgi da hannu a wannan tsayin ba. To me ya rage a faɗa?

Dalibin_Sama:
Mushe, da girmamawa, akwai abin da ya rage. Ni ina makarantar tuƙi a waje yanzu, wannan hatsarin sai da muka yi mako muna kansa. Mu da ke zaune da shayi muna karanta rahoto mun san bututu ne ya toshe. Su ba su sani ba. Tsakar dare ne, cikin hadari, ba sama ba ƙasa ta taga, kyaftin ya tafi hutu, sai daga baya ya dawo. Kuma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: ƙararrawar da ke gargaɗin dekroshaj, wato lokacin da fukafukai suka daina ɗaukar jirgi, tana yin shiru in gudun da aka auna ya yi ƙasa ƙwarai, don kwamfuta tana ɗaukar lissafin ƙarya ne. Ke nan lokacin da suka ja hanci sama sai ta yi shiru, da suka tura shi ƙasa, wato suka yi daidai, sai ta dawo da kuka. Na'ura tana tsawata maka lokacin da ka yi abin kirki. Sannan a Airbus sandar hagu da ta dama ba a haɗe suke ba, na gefe ba ya ji a hannunsa abin da ɗan uwansa ke yi. Ban ce ba su yi kuskure ba. Na ce ba rashin iya tuƙi ba ne kaɗai.

Mushe_Illa:
Na karɓi gyara ɗana. Amma ka amsa mini: a makarantarku me ake cewa ka yi in jirgi ya yi wannan dekroshaj ɗin?

Dalibin_Sama:
Ka tura hanci ƙasa. Darasin makonnin farko ne. Malamina ya hau da ni cikin ƴar Cessna, ya rage wuta, ya ce ja, ja, ƙara ja. Sai ƙaho ya fara kuka, sanda ta yi laushi kamar igiyar guga babu ruwa, jirgi ya yi rawa ya sunkuya, cikina ya taso har wuya. Duk jikinka yana ce maka ja sama, ƙasa na zuwa, amma dole ka tura. Na yi shi ya fi sau ashirin kafin hannuna ya daina gardama.

Mushe_Illa:
To ka gani. Darasin makon farko, mutum mai awa kusan 3,000 ya kasa tuna shi. Maganar Shofer ce dai.

Makaniki_Talaje:
Kowa ya taso sai ya hau kan matuƙi, don shi ya mutu ba ya iya kare kansa. Ku zo mu yi maganar Boeing 737 MAX. Lion Air a Indonesiya, Oktoba 2018, mutum 189. Ethiopian, 10 ga Maris 2019, minti shida da tashi daga Addis Ababa, mutum 157. An saka wa jirgin wata manhaja mai suna MCAS da ke tura hanci ƙasa da kanta, tana dogara da ma'auni guda ɗaya tak. Ma'aunin ya lalace, ita kuma ta yi ta tura jirgi ƙasa, matuƙa suna ja tana turawa. Kafin hatsarin farko ko a littafin matuƙa ba a bayyana musu ita ba. Wannan wane irin iya tuƙi zai hana? Mutum 346, sannan aka ajiye jiragen wajen wata ashirin. Ni da ke ɗaure ƙusa na san abu guda: duk abin da ka rataya a kan ma'auni ɗaya, ka rataya rayuka a kan zare ɗaya.

Hajiya_Wadata:
Innalillahi. Ni da ke hawan jirgi duk wata biyu saro kaya, kun sa gabana faɗuwa. Da ban buɗe wannan hirar ba.

Abu_Hafsat:
Hajiya ki kwantar da hankalinki. Ajali ba ya duba otomatik ko hannu. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarmarsa zai tafi.

Hajiya_Wadata:
Haka ne Malam, Allah ya sa mu cika da imani.

Shofer_Konni:
Malam gaskiya ne, amma kai ma ka sha karanta muna cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. In na hito tasha da birki marar kyau na kashe mutane a Dogon Dutsi, jandarma ba ajali za su rubuta ba.

Bagobiri_227:
Maganar raƙumi ta tuna mini da jirgin alhazai na 1991 a Jidda, wanda zai kai su Sakkwato. Mutum 261, babu wanda ya fita. Can ba kwamfuta ba ce, tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska, suka fashe wajen tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Tsohon DC-8 ne, irin na hannu da kuke yabo. Zamanin da ma ana mutuwa, har ya fi yanzu.

Abzin_Tenere:
Mu kuma nan muna da jirgin kamfanin UTA da ya tarwatse a Tenere cikin Satumba 1989, mutum 170. Amma wannan bam ne, ba ya cikin lissafinku. Abin da zan ƙara shi ne na sahara: dattawanmu suna bin taurari da launin yashi su kai Bilma. Yanzu yaro yana da GPS, batir ya mutu, ya tsaya yana kallon sama kamar baƙo.

Ramatou_Plateau:
Kun fara nisa. Daga jirgi an koma raƙuma. Tambayar Alhaji ita ce in na'ura ta ƙi, akwai mai tuƙi ko babu?

TsohonTur:
Ƴata kin kyauta da kika dawo da mu. Ku bar Rio da Indonesiya, ku zo nan bayan gidanmu. 24 ga Yuli 2014, jirgin Air Algérie daga Wagadugu zuwa Aljiyas, MD-83 ne da aka yi haya daga wani kamfanin Spain, ya faɗi kusa da Gossi a Mali, mutum 116. Damina ce, suna kauce wa hadari. Ba a kunna na'urar hana ƙanƙara ta injuna ba, ma'aunin ƙarfin injin ya toshe, ya riƙa nuna ƙarfi fiye da na gaskiya. Otomatik ɗin wuta ya yarda da ƙaryar, bai ba da wutar da ake buƙata ba. Gudu ya fara raguwa. Shi kuma otomatik ɗin tuƙi an ce masa riƙe ƙafa 31,000, sai ya yi ta ɗaga hanci a hankali a hankali don ya cika umarni. Fiye da minti biyar ana haka, allura tana sauka a gaban idonsu. Har jirgi ya yi dekroshaj, kuma ba a tura hanci ƙasa ba.

Wannan ne ke hana ni yarda da Makaniki gaba ɗaya, kuma ba na yarda da Mushe gaba ɗaya. A nan na'ura ba ta ce na sauka ba. Ta ci gaba da aiki, cikin biyayya, tana kai su rami. Abin da ya ɓace ba ƙarfin hannu ba ne, ido ne. Mutum bai iya gadi ba. Ka sa shi ya kalli abin da ke tafiya daidai awa dubu, ranar dubu da ɗaya idonsa na kai amma hankalinsa ba ya wurin. Mu ma a hasumiya mun san wannan ciwon, ƙarfe uku na dare da jirgi ɗaya a sama ya fi hatsari bisa lokacin da goma ke kiranka.

Makaniki_Talaje:
Baba ai ka ƙarfafa maganata. Na Turkish a Amsterdam cikin 2009 ma haka: ma'aunin tsayi ya nuna ƙafa 8 ƙasa da sifili alhali suna sama, otomatik ya ɗauka an sauka ya janye wuta. Mutum 9. Wa ya ƙera na'urar da za ta yarda jirgi yana ƙarƙashin ƙasa?

TsohonTur:
Wanda ya ƙera ta ya yi laifi. Amma mutum uku ne zaune a gaba ranar, gudu yana zubewa fiye da minti ɗaya. Laifin wani ba ya wanke na wani.

Injiniya_Sani:
Ina karantawa tun ɗazu, kuma ina ganin kuna ƙirga gawarwakin da na'ura ta jawo, ba ku ƙirga waɗanda ta hana. Waɗannan ba su da kabari balle a tuna su. A 1972 fiye da mutum 2,000 suka mutu a jiragen fasinja, lokacin masu hawa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na yanzu ba. A 2017 an ɗauki fasinja wajen biliyan 4, babu jirgin fasinja mai injin jet ko ɗaya da ya kashe mai tikiti. Na'urar da ke ihu in jirgi ya nufi dutse, da wadda ke raba jirage biyu in za su yi karo, su suka kawo wannan. Hajiya_Wadata, tafiyarki daga Wadata zuwa filin Diori Hamani cikin taksi ta fi jirgin hatsari.

Hajiya_Wadata:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Amma ka bar taksi, da shi zan koma gida yau.

Bagobiri_227:
Kuma akwai na kogin Hudson a Amurka, 2009. Tsuntsaye suka kashe injuna biyu, kyaftin Sullenberger ya sauke jirgi a ruwa, mutum 155 duk suka rayu. Tsohon sojan sama ne, ya iya tuƙa jirgi marar inji. Wannan hannu ne zalla.

Dalibin_Sama:
Yaya Bagobiri, hannu ne da kwakwalwa, amma ba zalla ba. Airbus A320 ne. Ya kunna ƙaramin injin wutar lantarki na baya da wuri, kwamfutocin suka ci gaba da aiki, kuma a daƙiƙun ƙarshe da yake jan sanda su suka hana hancin wuce iyakar da fukafukai za su saki. Ya san abin da na'urar za ta yi masa da abin da ba za ta yi ba. Kishiyarsa shi ne jirgin kamfanin Asiana a San Francisco, Yuli 2013: rana tsaka, sama garau, sai dai na'urar filin da ke jagorantar gangara ba ta aiki. Matuƙin yana da awa kusan 10,000, amma a Boeing 777 bai kai 50 ba. Ya ɗauka otomatik na riƙe masa gudu, alhali ya shiga wani yanayi da ba ya riƙewa. Suka bugi katangar bakin teku, mutum 3 suka rasu. Tambayar da aka ce ta fi yawa a gaban jirgi yanzu ita ce, me kuma otomatik ɗin yake yi?

Shofer_Konni:
Awa 10,000 kuma ya kasa sauka da rana? To awowin nan na mi ne, na zama?

Mushe_Illa:
Shofer ka taɓa inda yake ciwo. In jirgi ya yi awa goma sha ɗaya daga nahiya zuwa nahiya, ana rubuta wa matuƙi awa goma sha ɗaya, alhali abin da ya riƙe da hannu ƴan mintuna ne. Kuma ana raba saukar tsakanin mutum biyu ko uku. Mai dogon zango yana iya yin wata bai sauke jirgi sau uku ba. Amurka ta ce daga 2013 sai mai awa 1,500 zai zauna kujerar mataimaki, bayan hatsarin jirgin kamfanin Colgan da ya ci mutum 50. Amma matuƙan Colgan ɗin dukansu sun wuce awa 1,500, kuma kyaftin ɗin ma ja ya yi maimakon turawa.

Dalibin_Sama:
Shi ya sa ba na son a riƙa zagin masu awa 200. A tsarin Turai da wannan ake hawa kujerar dama, wato ta mataimaki, kuma hannunmu ya fi ɗumi bisa na wasu manya. An kuma gyara abubuwa bayan hatsarorin nan. Hukumar jiragen Amurka da kanta ta fitar da sanarwa a 2013 tana kiran kamfanoni su bar matuƙa su riƙa tuƙi da hannu in yanayi ya ba da dama. An ƙara horon fitar da jirgi daga mummunan karkata. Kuma duk wata shida ana shigar da matuƙi similata, wato na'urar da ke kwaikwayon jirgi a ƙasa, a kashe masa inji, a kunna masa wuta, a ga yadda zai yi.

TsohonTur:
Ɗana, similata yana da kyau, amma mai shiga ya san yau za a kashe masa inji. Ya yi barci, ya yi bita, ya sha kafe. Ba a fafe gora ranar tafiya, na yarda, sai dai tafiyar ba ta faɗin ranarta. Kuma kamfani yana son otomatik don yana tsimin mai, fasinja ba sa jin girgiza, kuma duk motsin da matuƙi ya yi ana naɗe shi a duba a ofis. Yaro mai neman ƙarin girma zai kashe otomatik don ya motsa hannu, ya jawo a kira shi?

Makaniki_Talaje:
Da can ma mutum uku ne a gaba, har da injiniyan jirgi mai kula da injuna da mai. Aka cire shi aka ba kwamfuta aikinsa. Yanzu ana ta maganar a bar mutum ɗaya a gaba lokacin da jirgi ke tsakiyar tafiya. Na Qantas A380 da injinsa ya fashe bayan tashi daga Singafo a 2010, matuƙa biyar ne a ciki ranar, kuma sai da suka yi kusan minti hamsin suna bin saƙonnin da kwamfuta ke zubo musu kafin su sauka da mutum 469. Ku ce mini mutum ɗaya zai yi wannan.

Injiniya_Sani:
Wannan kam ko ni ban goyi baya ba tukuna.

Abu_Hafsat:
Shofer, na ga amsarka ta raƙumi sai yanzu, na fita sallah. Ban ce kada a ɗaure ba. Hajiya nake lallashi.

Dan_Adar77:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru, ko da yake tsoron bai ragu ba, wuri kawai ya sake. Baba TsohonTur, abu guda ya tsaya mini: daren Talatar nan da munka koma sama, mutum ne ya yi ko na'ura?

TsohonTur:
Shawarar ta mutum ce Alhaji, wannan babu shakka. Shi ya duba bai ga fitilu ba ya ce mu tafi. Ko da hannu ya ɗaga shi ko maɓalli ya danna otomatik ya ɗaga, wannan sai wanda ke zaune a gaba ranar, duka biyun ana yi.

Shofer_Konni:
Alhaji in za ka Tawa ƙarshen wata ka neme ni. Kujerar gaba, bitesi na hannu, ka ga mai tuƙinka da idonka.

Ramatou_Plateau:
Da ramukan bayan Dosso kyauta 😂

Dan_Adar77:
Tawa kam da kai za ni. Amma ranar 12 ina da Kasablanka, can kar ɗinka ba ta zuwa. Dalibin_Sama, yaushe za ka gama?

Dalibin_Sama:
Da saura Baba, ko jarrabawar tuƙi cikin gajimare ban yi ba. Gobe da asuba ina da tashi, bari in kwanta.